Ƙauye Ba Kira Kaɗai Yake Nema Ba: Martani Kan Turakun Sadarwa a Ƙonni, Malbaza da Illela

Wani marubuci ɗan jiharmu ta Tawa, wanda ya girme ni kuma na daɗe ina ƙaruwa da alƙalaminsa, ya yi rubutu kwanan baya a kan turakun sadarwa, dogayen ƙarafan nan da mu a nan muke ce wa antan. Na karanta rubutun, na ajiye, na sake ɗauka bayan kwana biyu, domin ba na son in mayar wa babba magana da zafin rai. Amma abin da ya faɗa ya shafi mutanen da na sani fuska da suna, mutanen da rubutun ba zai taɓa isa gare su ba, balle su ba shi amsa. Shi ya sa na ga shiru bai kamace ni ba.

Ga abin da Malam marubucin ya ce, gwargwadon fahimtata, kuma zan yi ƙoƙari kada in rage wa maganarsa ƙarfi. A ganinsa, kukan da ake yi a gundumomin Ƙonni da Malbaza da Illela cewa a ƙara turaku, a kuma sabunta tsofaffin su koma 4G, kuka ne na ƴan boko da samari masu manyan wayoyi. Mutumin ƙauye, in ji shi, buƙatarsa ba ta wuce ya kira a ji shi ba, kuma tsohon rezo, wato tsohon layin sadarwar waya, yana biya masa wannan. Akasarinsu ba su yi karatun boko ba, to me za su yi da intanet? Garin da mata ke kwana a bakin rijiya, ruwa ya kamata a fara kai masa, sannan likita da makaranta. Ya ƙara da cewa mutanen bakin iyaka suna kama layukan Najeriya, saboda haka ba a cikin duhu suke ba. Ya ce rezo mai ƙarfi a daji ƴan bindiga yake yi wa aiki, intanet kuma tana cinye tarbiyyar yara. Daga ƙarshe ya ce tun da Starlink ya shigo Nijar, nan gaba kaɗan turke zai zama tsohon yayi, don haka zuba kuɗi a kansa asara ce.

Ban ce duk maganar ba ta da tushe ba. Ƙishirwa gaskiya ce, kuma wanda ya taɓa ganin layin jarkoki a watan Afrilu ba zai yi wasa da ita ba. Tsoron da yake ji wa yara ni ma ina jin sa. Inda muka rabu shi ne wurin da ya yanke wa mutumin ƙauye iyakar buƙatarsa ba tare da ya tambaye shi ba.

Ina da gwaggo a wani ƙauye cikin gundumar Illela, garin da ke kwance a kwari tsakanin duwatsu biyu, irin garuruwan Adar da kowa ya sani. A cikin gari waya ba ta kamawa sai da sa'a. Akwai wani tudu a gabas, bisansa da wata aduwa, nan ne rezo yake. Bayan la'asar za ka ga yara suna hawa, kowane da waya biyu ko uku da aka aiko shi da su, wasu cikin ƴar jaka, wasu ƙulle a gefen zane. Ranar da na je, gwaggo ta ce ba za ta aiki kowa ba, da kanta za ta hau, domin an gaya mata ɗanta da ke Abijan ya turo saƙon murya. Muka hau a hankali, tana dogara sanda, muna tsayawa tana hutawa. A ƙarƙashin aduwar na riƙe wayar sama, ƴar da'irar nan tana juyawa, ta cika rabi ta tsaya, ta koma farko. Saƙon bai kai minti uku ba. Sai da aka kusa kiran magariba ya sauka.

Ta kara wayar a kunne ta saurara har sau uku. Ya gaishe ta, ya gaishe da kowa da sunansa, ya ce ya turo kuɗi, a sayi hatsi tun bai ƙara tsada ba, a kuma kai ƙaramar ɗiyarsa likita saboda tarin da aka ce tana yi. Sannan gwaggo ta ce in nuna mata inda ake dannawa. Ta ɗora babban yatsa, ta gyara murya, ta fara da sallama, ta bi gaisuwa daki-daki kamar yana zaune gabanta a kan tabarma. Wannan matar ba ta san harafin boko ko ɗaya ba.

A nan ne hujjar Malam mafi girma ta juya masa baya. Wanda bai iya karatu ba shi ne ya fi kowa buƙatar intanet. Tsohon rezo abu biyu yake bayarwa da kyau, kira da rubutaccen saƙo. Rubutaccen saƙo sai mai karatu, kuma duk wanda ya kai wa wani wayarsa ya karanta masa, ya kai masa sirrinsa. Kira kuwa sai an dace mutum biyu suna da rezo a lokaci ɗaya, kuma idan ɗayan yana Abijan ko Libiya ko Kamaru, kuɗin minti kaɗan ya isa cefanen yini. Saƙon murya shi ya warware wannan ƙulli. Kana magana da harshenka, saƙon ya jira mai shi har ya samu sarari, a saurara a sake saurara, kuɗinsa kuma bai taka kara ya karya ba. Shin Malam bai lura ba cewa a yau tsoho da tsohuwa sun fi ɗalibin jami'a aika saƙon murya a WhatsApp? Wannan saƙon kuwa a kan intanet yake tafiya, kuma tsohon rezo jan ƙafa yake yi da shi, kamar yadda na gani da idona a ƙarƙashin aduwar nan.

Kada a manta wace ƙasa muke magana a kai. Adar ƙasar ƴan ci-rani ce tun kaka da kakanni. Da an gama girbi, gari ya koma na mata da tsofaffi da yara, maza sun bazu Najeriya, Kwaddibuwa, Libiya, Aljeriya da sauran wurare. Gida da yawa abin da ke riƙe da su daga rani zuwa damina shi ne abin da ake turowa. Da can sai a ba direba ko wani mai komawa gida, a yi ta zullumi har ya iso. Yanzu akwai Nita da Amana da Al Izza, akwai Airtel Money da Moov Money, kuma kamfanonin aika kuɗin nan sun fito da manhajoji irin su MyNita da AmanaTa waɗanda ba su aiki sai da intanet. Wakilin da zai buɗe rumfa a ƙauye ya riƙa biyan mutane, shi ma sai da rezo mai ƙarfi. Idan babu, mace za ta biya kabu-kabu zuwa Badagishiri ko Illela ko Tsarnawa, ta biya na dawowa, ta bar yara da aikin gida yini guda, don ta karɓi jika goma. Abin da ta kashe a hanya wani haraji ne da rashin rezo ya ɗora mata, wanda matar Yamai ba ta biya. Wa ya fi cancanta a sauƙaƙa wa tsakaninsu?

Wannan ba hasashena ba ne, an gwada shi a ƙasarmu. A shekarar 2010, lokacin ƙarancin abinci, ƙungiyar Concern Worldwide ta raba tallafin kuɗi a ƙauyuka 96 na jihar Tawa. Wasu matan an ba su hannu da hannu, wasu an tura musu ta waya da tsarin Zap na kamfanin Zain, wanda daga baya ya koma Airtel. Masu bincike, cikinsu har da Jenny Aker, wadda a lokacin take jami'ar Tufts a Amurka, sun gano cewa matan da suka karɓa ta waya sun rage tafiya da zaman jira, kuma abincin gidajensu ya fi zama iri-iri. Ita dai wannan malamar ta bi kasuwannin hatsi na Nijar daga 2001 zuwa 2006, lokacin da rezo ke shiga gari bayan gari, ta ga bambancin farashi tsakanin kasuwanni ya ragu da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari a inda waya ta isa.

Na san abin da Malam zai ce: ai duk wannan da tsohon rezo aka yi shi, to ga shaida cewa ya wadatar. Gaskiya ne da shi aka yi. Amma na tuna lokacin da wayar salula ta fara shigowa, irin wannan maganar aka riƙa yi, wai me baƙauye zai yi da waya, wa zai kira? Da an bi ta masu wannan ra'ayi, da amfanin da aka auna ɗin bai samu ba. Kuma kasuwa ba ta tsaya inda take a 2006 ba. A je Galmi lokacin albasa a gani. Albasar Galmi sunanta ya kai Akara da Abijan da Kwatano, kuma mai saye a can yanzu ba ya wadatuwa da a ce masa kaya na da kyau. Hoto yake so, ko bidiyo, ya ga girman ƙwaya da launinta da yadda ta bushe, ya ga buhu a kan mota da lambar motar. Dillalin da ke bakin kwalta yana iya turawa nan take. Manomin da ke can cikin kwarin Maggiya, wanda shi ya yi ban ruwa wata huɗu, ba ya iyawa, don haka dole ya sayar wa wanda ke iyawa, a farashin da aka yanka masa. Haka mai rago a kasuwar Badagishiri gab da Layya, haka mai tumatir da alkama a fadamar Ƙonni. Rashin rezo ba ya hana ciniki, sai dai yana zaɓar wanda zai ci ribar.

Sai maganar rijiya, wadda ita ce ta fi taɓa zuciya a rubutun Malam, kuma ita ce ta fi rauni. Ya sa mai karatu ya ji kamar akwai tukunya ɗaya ta kuɗi, idan aka ɗiba aka kafa turke an hana gari ruwa. Ba haka abin yake ba. Turke jarin kamfani ne, Airtel ko Moov Africa ko Zamani Telecom ko Niger Telecoms, daga kuɗin da ni da Malam da gwaggona muke zubawa kullum muna sayen kati. Akwai kuma kason da doka ta wajabta wa kamfanonin su zuba domin kai sadarwa wuraren da riba ba ta kai su. An kuma ƙaddamar da shirin ƙauyuka masu sadarwar zamani da hukumar ANSI ta jagoranta, wanda Bankin Duniya ya amince ya ba dala miliyan 100 a shekarar 2020. Ko sisi daga cikin waɗannan ba na ma'aikatar ruwa ba ne. Idan muka yi shiru ba mu nemi turke ba, kuɗin ba za su rikiɗe su zama rijiya a Tajaye ko Bazaga ba. Za su tafi wata jihar da mutanenta suka buɗe baki, ko su ƙara wa unguwannin Yamai abin da suke da shi. Wace rijiya aka taɓa ginawa da kuɗin turken da aka fasa kafawa? Kuma ranar da famfon garin ya lalace, da me ake kiran mai gyara, da me ake tura masa hoton abin da ya karye don ya zo da irinsa, kada ya yi zuwa biyu? Ungozomar da haihuwa ta gagare ta da tsakar dare, da me za ta nemi motar da za ta kai mace asibitin Galmi ko na Ƙonni?

Ina ganin abin da ya ruɗi Malam shi ne hanyar da yake bi. Wanda ya taso daga Yamai a kan babbar hanya, ya wuce Dosso da Dogon Dutsi, ya shigo Ƙonni, ya bi Tsarnawa da Malbaza da Galmi zuwa Madawa, ko ya karkata arewa ta Gidan Idar da Badagishiri zuwa Tawa, zai ga wayarsa da rezo kusan ko'ina, sai ya ɗauka ƙasar duka haka take. Turaku kwalta suke bi, domin nan ne jama'a suka taru, nan ne wuta take, nan ne motar gazuwal ke iya zuwa. A sauka daga kwalta a yi tafiyar rabin awa a kan babur, labari ya sauya. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.

Dalilin kuwa a fili yake ga wanda ya san yanayin ƙasar. Yankinmu tudu ne na jan dutse da kwaruruka suka tsattsaga, mutane kuma a kwari suke zama saboda nan ruwa da ƙasar noma suke. Igiyar rezo ba ta ratsa dutse, ta bisa take wucewa ta bar garin cikin inuwa. Shi ya sa gari zai kasance kusa da turke amma babu rezo, wani mai nisa a kan tudu yana da shi. Gyaran da muke nema ya fi sauya suna daga 2G zuwa 4G. Akwai zangon igiya na ƙasa, irin su megahaz 800 da 900, masu tafiya nesa su shiga ɗakin laka, akwai na sama irin su 1800 da 2100 masu ɗaukar kaya da yawa amma gajeren zango. Karkara na ƙasan take buƙata. Akwai abin nan mai kama da ganga da ake ɗaurawa a jikin turke, shi ke haɗa shi da turke na gaba har a kai ga igiyar fiba. Idan wannan hanyar ƙanƙanuwa ce, ko an rubuta 4G a fuskar waya ba abin da zai wuce. Kowa ya san abin da ke faruwa ranar kasuwa: sandunan rezo cike, amma kira ba ya shiga, saboda turken da aka yi wa mutum ɗari ya samu dubu. Wasu kwaruruka kuma babu dabarar da za ta yi musu sai ƙaramin turke nasu na kansu.

Sannan wuta. Turke ba ya aiki sai da lantarki dare da rana, kuma a inda layin NIGELEC bai kai ba, inji ne da batura. Gazuwal ya ƙare ko damina ta yanke hanya, gari ya shiga shiru. Mun ga iyakar wannan a watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, wadda ta kai kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da ƙasar ke amfani da shi a lokacin. Abin da ke ba ni takaici shi ne maganin yana gabanmu. A Malbaza aka buɗe tashar lantarki mai aiki da hasken rana ta megawat 7 a shekarar 2018, irinta ta farko a ƙasar. Ranar da ke ciyar da wannan tashar ita ce ke dukan kowane tudu a Dogarawa da Allela. Sa wa turke faifan rana da batura masu kyau yana cikin sabuntawar da muke kira a yi, kuma shi ne ɓangaren da ya fi amfanar ƙauye.

Batun layukan Najeriya kuwa, ina roƙon Malam ya sake dubawa. Illela biyu ce. Akwai ta jihar Sakkwato, wadda ke fuskantar Ƙonni, akwai tamu ta jihar Tawa, wadda ke can arewa nesa da iyaka, inda MTN ba ya ko leƙawa. Rezon maƙwabta ɗan siririn zirin bakin iyaka yake rufewa. Ko a zirin ma, kayan aro ba ya rufe katara. A ranar 3 ga Satumba 2021 hukumomin Najeriya suka rufe sadarwa a jihar Zamfara baki ɗaya, daga baya aka bi da ƙananan hukumomi 14 na Sakkwato da 13 na Katsina da wani yanki na Kaduna. Ba wanda ya shawarci mutumin Nijar da ke rataye da layinsu, kuma ba hakkinsu ba ne su shawarce shi. A lokacin ma ƴan'uwanmu na can ne suka riƙa neman rezon Nijar. Daga Disamba 2020 Najeriya ta wajabta haɗa kowane layi da lambar ɗan ƙasa ta NIN, ta bi layukan da ba a haɗa ba tana toshewa. Manomin Bazaga da ba shi da wannan lambar fa? Kuma wanda ke riƙe da layi mai 234, idan zai kira likitan gundumarsa ko jandarmomin Ƙonni masu 227, kiran ƙasar waje zai yi daga cikin ɗakinsa. Zumuncinmu da Sakkwato ya girmi iyakar, ba na musu. Amma ƙasa ba ta barin ƴaƴanta su dogara da katangar maƙwabci.

Maganar ƴan bindiga ita ce na fi ɗauka da nauyi, domin rai ake magana. Gaskiya ne suna amfani da waya, suna kiran iyalan wanda suka sace, suna da masu tsegunta musu. Amma an riga an gwada maganin da Malam ke nuni da shi, a gabanmu. Ranar 17 ga Oktoba 2021, sadarwa tana rufe, aka afka wa kasuwar Goronyo a jihar Sakkwato aka kashe mutum sama da 40. Kafin shekarar ta ƙare jihohin suka fara buɗe layukan, ta'asar kuma ba ta tsaya ba. Ɗan bindiga yana da babur, yana da kuɗin sayen wayar tauraron ɗan'adam ko rediyon hannu, yana iya hawa kowane tudu. Wanda duhun ke kamawa shi ne mai garin da ya ga ƙurar babura yana son ya sanar da soja, da makiyayin da ke son ya gargaɗi gari na gaba. Idan rezo abokin ɓarayi ne, me ya sa a Satumba 2012 Boko Haram ta bi turakun sadarwa a arewacin Najeriya tana ƙonawa? Me ya sa masu ɗauke da makamai a Mali da Burkina Faso da yankin Tillaberi suke lalata antan idan suna son su mallaki yanki? Sun san abin da suke tsoro: gari mai iya kiran agaji.

Tarbiyyar yara ba zan daɗe a kanta ba, domin damuwar gaskiya ce amma maganin ba shi ne ba. Yaron da ke son kallon banza yana samun sa a katin waya daga mai cajin batir a kasuwa, ko da babu rezo ko ɗigo. A wayar nan dai ake sauraron tafsiri da karatun malamai, a cikinta ɗalibi ke duba sakamakon jarrabawa. Ba mu taɓa cewa a rage wa Yamai ko Maraɗi rezo don a kare yaransu ba, can iyaye da malamai muke kira su tashi tsaye. Me ya sa ɗan ƙauye kaɗai za a yi wa tarbiyya da hani?

Starlink ya samu izinin aiki a Nijar, kuma ina maraba da shi. Zai yi wa likita da makaranta da ofishin gunduma amfani, yana ma iya ciyar da turken da ke nesa da fiba. Amma faranti ne da ake saye da kuɗi masu yawa, a biya duk wata, a ba shi wuta, kuma amfaninsa iyakar gidan da aka kafa shi. Matar da ke gona da ƙaramar waya a ƙugu, da direban da motarsa ta mutu tsakanin Tajaye da Illela, turke suke nema. A ce su jira har sama ta sauko musu daidai yake da a ce su haƙura.

Kada a ɗauka ina wanke kamfanoni. Da Malam ya rubuta cewa suna karɓar kuɗi ba su ba da aikin da ya dace, da ni ne na farkon sa hannu. Hukumar ARCEP, mai sa ido a kansu, ta ci su tara ba sau ɗaya ba saboda rashin ingancin aiki, kuma duk mai waya a yankin nan ya san kati na ƙarewa ba a ga abin da aka yi da shi ba. Sai dai wannan hujja ce ta a matsa musu lamba, rubutun Malam kuwa sassauci ya ba su. Duk shugaban kamfanin da ya karanta cewa ƴan yankin da kansu sun ce kira ya ishe su, ya samu abin da zai nuna ranar da aka tambaye shi dalilin da bai kafa turke a kwarin Maggiya ba.

Matsayina bai sauya ba. A sabunta turakun da ke Ƙonni da Malbaza da Illela, a ƙara sababbi a garuruwan da ke nesa da kwalta, a fara da waɗanda duwatsu suka rufe. A sa musu faifan rana. Inda gari bai kai kamfani huɗu su kafa huɗu ba, a tilasta musu su hau turke ɗaya. ARCEP ta riƙa auna rezo a cikin kwari da ranar kasuwa da cikin damina, ta kuma fitar da sakamakon da sunan gari-gari, a karanta a gidajen rediyon yankin da Hausa da Tamajak da Fulatanci, yadda mai gari zai ji sunan garinsa ya san abin da aka rubuta a kansa. Kuɗin da aka ware don karkara a faɗi garuruwan da aka kashe su da ranar da aka kunna kowane turke.

Mu ma akwai namu. Filin da za a kafa turke kan jawo gardama tsakanin magada har kamfani ya gaji ya tafi, wannan aikin hakimai da masu gari ne su sasanta tun kafin a zo. Satar batura da gazuwal da faifan rana tana kashe turke kamar yadda sakacin kamfani ke kashe shi, kuma ɓarawon ba daga sama yake faɗowa ba. Kowane gari ya samu mutum ɗaya mai littafi, ya riƙa rubuta ranar da rezo ya ɗauke da ranar da ya dawo, domin hukuma ta fi jin takarda mai kwanan wata a kan kuka. Na sayi irin wannan littafin na bar wa wani malamin makaranta a garin gwaggo. Ita yanzu ƙafa ta hana ta hawan tudun. A ɗaki take ɗaukar saƙonta, jikanta ya hau da wayar ya tsaya ƙarƙashin aduwa har ya tafi, sannan ya jira amsa idan akwai.